Barci Ɓarawo Ne, Amma Wani Barcin Ciwo Ne

Bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, ni rabona ya faɗa wata ƙaramar sakandare can gindin duwatsun Kagoro. Aka ba ni aji uku in koya musu Lissafi. A cikin ajin nan akwai wani yaro ɗan shekara 15, wanda zan sakaya sunansa. Yaron ba shi da tsiwa, rubutunsa kuwa tsaf, amma da wuya a fara darasi a gama idonsa biyu. Da na juya in rubuta wani abu a allo, kafin in waiwayo sai in tarar ya kifa kai bisa benci, alƙalami na hannunsa. Na yi faɗa har na gaji. Na tsai da shi a bayan aji, ya jingina da bango ya yi barcinsa a tsaye. Ran nan haushi ya ɗebe ni, na tsala masa tsumagiya uku, na ce da shi rago. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Abin da ya buɗe mini ido a filin ƙwallo ya faru. Wata Laraba da la'asar yaron nan ya jefa ƙwallo a raga, 'yan'uwansa suka ɗauki sowa, shi ma ya buɗe baki zai yi dariya. Sai na ga gwiwoyinsa sun sake, wuyansa ya langaɓe, ya sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga igiya. Yara suka watse suna cewa farfaɗiya ce. Na ruga na tsuguna kansa. Ba ya shure-shure, bakinsa ba kumfa, numfashinsa kuwa daidai. Ba a fi minti ɗaya ba ya miƙe ya kaɗe ƙura. Ya ce, "Malam, duk abin da kuke faɗi ina ji, motsi ne kawai na kasa. Haka nake yi in dariya ta kama ni ƙwarai. Shi ya sa ba na son zama inda ake ba'a."

Ran Asabar na tafi gidansu, na tarar mutanen gidan sun rabu uku a kan al'amarin. Uwarsa ta ce hannun maƙiya ne, gama da dare yakan farka ya kasa ko ɗaga yatsa, yana ganin wani abu tsaye a bakin ƙofa, watau dannau. Kawunsa ya ce kasala ce kurum, har ya riga ya sayo masa waɗansu ƙwayoyi a kemis irin waɗanda samari ke sha in za su huɗa. Kakansa kuwa, wani dattijo da ya haura shekara 80, ya jawo yaron yana lalubar bayan wuyansa. Na ce, "Baba, me kake nema?" Ya ce, "Kaluluwa nake nema, ɗana. Ku yaran yanzu ba ku san ciwon barci ba. Mu mun ga abin da ya yi wa mutane."

Dukansu uku ba wanda ya dace, amma tsohon ya fi su hujja, saboda haka da tasa maganar zan fara.

Ciwon barci na ƙudan tsando

Ciwon da dattijon ke tsoro ƙudan tsando ne ke kawo shi, wanda ke zama cikin kurmi da inuwar bakin rafi. In ya ciji mutum sai ya zuba masa waɗansu ƙananan halittu a jini, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Da fari sai zazzaɓi, da ciwon kai, da ƙaiƙayi, da kaluluwa a bayan wuya. In an daɗe ba magani sai abin ya hau ƙwaƙwalwa, hali ya sāke, mutum ya riƙa barci da rana yana kwana ido biyu, ya rame, ƙarshenta ya mutu. A shekarun 1930 ciwon nan ya yi ɓarna ƙwarai a Arewa, ya kuwa sami hanyar yaɗuwa ta wurin zirga-zirgar leburorin kuza da na hanyar jirgin ƙasa, wadda ta mai da Kafanchan mararraba wajen 1927. Gwamnati ta kafa ƙungiyar ma'aikata musamman, suna bi ƙauye ƙauye suna tara mutane, suna taɓa wuyan kowa. Lalubar da tsohon nan ke yi wa jikansa a wurinsu ya gan ta. A ƙasar Anchau har tashin garuruwa aka yi a ƙarshen shekarun 1930, aka sare kurmin bakin rafuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Daga baya aka kafa cibiyar binciken ciwon a Kaduna, da reshe a Vom, tana nan har yanzu.

Magungunan zamanin nan masu zafi ne. Wanda aka fito da shi a 1949, mai suna melasofurol, da gubar asinik aka haɗa shi, yakan kashe kamar mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurarsa. Yanzu al'amari ya sāke. Tun 2018 aka sami ƙwayar sha ta kwana 10, a shekarar nan kuma, bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda aka samu da ciwon a duniya duka ba su kai 1,000 ba. Ciwon bai ƙare ƙaƙaf ba, don haka likita mai hankali ba ya rena maganar tsofaffi. Amma yaronmu shekararsa biyu yana fama, ba zazzaɓi, ba rama, hankalinsa kuwa garau. Nasa dabam ne.

Kamun barci

Sunan ciwonsa a bakin likitoci nakolefsi, daga kalmomi biyu na Helenanci masu nufin sanƙarewa da kamu. Ni a takardan nan zan kira shi kamun barci. Wani likitan Faransa, Gélineau, shi ya raɗa masa suna a 1880, bayan ya duba wani mai sayar da gangunan giya a birnin Faris wanda barci ke fizgarsa sau da yawa a yini, wanda kuma ya taɓa zubewa a gidan namun daji yana kallon birai suna wasa. A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka ƙidaya, akan sami kamar mutum ɗaya cikin 2,000. Yawanci yakan fara ne tsakanin shekara 10 da 25. Ku lura da wannan, 'yan'uwa, gama shekarun nan su ne na yaran da za a danƙa a hannunmu, su ne kuma namu.

Domin a gane ciwon sai an san barci iri biyu ne. Akwai barci mai nauyi, akwai kuma barcin mafarki, wanda aka gano a Jami'ar Shikago a 1953. Mai lafiya in ya kwanta, sai ya yi wajen minti 90 kafin barcin mafarki ya zo. In ya zo kuwa, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki duka, ta bar numfashi da ido kaɗai. Hikimar Mahalicci ke nan, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya faɗa rijiya.

To, can gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan lungu mai ƙwayoyin halitta wajen 70,000, aikinsu fid da wani sinadari da ake kira oreksin. Mu mutanen Kafanchan muna da misalinsa a gida. Ku tuna da aikin mai juya layi a mararrabar jirgin ƙasa, wanda ke riƙe da ƙarfen da ke raba hanyar Jos da ta Kaduna da ta Fatakwal. Muddin yana bakin aikinsa kowane jirgi hanyarsa yake bi. Oreksin shi ne mai juya layin nan tsakanin farke da barci da mafarki. Mai kamun barci ya rasa kamar kashi 9 cikin 10 na ƙwayoyin nan, saboda haka ƙarfen sai lilo yake yi. Barci ya kutso cikin tsakar rana, farkawa ta kutso cikin tsakar dare, mafarki ya zo cikin minti 15 maimakon 90. Ɗaurin gaɓoɓin nan na mafarki kuma yakan zo mutum yana farke, in dariya ko murna ko fushi ko mamaki suka taɓa shi. Abin da na gani a filin ƙwallo ke nan. Wani ba ya faɗuwa ma, muƙamuƙinsa ne kaɗai ke saki, ko magana ta sarƙe, ko kofi ya suɓuce masa. Waɗansu masu ciwon kuwa ba su da wannan sakin jiki sam, barcin kaɗai ke damunsu.

Dannau ma daga nan yake. Mutum ya farka, amma ɗaurin bai kwance ba tukuna, guntun mafarki kuma yana gaban idonsa. Masu lafiya da yawa yakan same su jifa jifa, musamman in sun yi kwanaki ba su sami isasshen barci ba, ni kaina ya taɓa danne ni a makon jarrabawa. Ba ya kisa, ba ya kuwa nuna mutum yana da kamun barci sai in ya haɗu da sauran alamu.

Sanin nan duka sabo ne. A 1998 aka gano oreksin. A 1999 Dakta Mignot da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gane dalilin da ya sa waɗansu karnuka da suke kiwo ke zubewa in an miƙa musu abinci mai daɗi, a 2000 kuma aka tabbatar mutane masu ciwon sun rasa sinadarin. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne, sojojin jikin mutum ne da kansu ke kuskure su hallaka ƙwayoyin. Ba a ɗaukarsa wurin cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba ya rage basira. Amma ƙwayoyin da suka mutu ba su komowa, watau ciwon na zama ne, magani lallashinsa yake yi. Ko a ƙasashen da likitoci suka yi yawa akan yi shekara 8 zuwa 15 kafin a gane shi, mai shi yana ta shan sunan rago.

Kada fa wani ya karanta wannan ya ce duk mai gyangyaɗi a aji nakolefsi gare shi. Ko kusa. Yawancinsu barcin dare ne bai ishe su ba. Yaro mai tasowa yana bukatar awa 8 zuwa 10, ga shi ya kwana latsa waya, ko ya yi sammakon gona kafin ya zo makaranta, ko ya zo cikinsa ba kome. Akwai zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da tsutsar ciki, da ciwon sukari. Akwai masu minsharin da numfashinsu ke ɗaukewa da dare. Akwai kuma magungunan da ke sa barci, kamar Piriton na mura da ƙaiƙayi, da waɗansu na farfaɗiya. Waɗannan duka aka fara dubawa ga yaronmu a asibitin kusa, aka auna jininsa, aka taɓa wuyansa don hankalin kakansa ya kwanta, sa'an nan aka ba su takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a wani asibitin koyarwa a Jos.

Cikakken gwajin ciwon shi ne mutum ya kwana a asibiti an manna masa wayoyi a ka, kashegari kuma a ba shi damar kwanciya sau 4 ko 5, awa biyu biyu tsakani. In matsakaicin lokacin da barci ke ɗaukarsa bai wuce minti 8 ba, mafarki kuma ya zo da wuri aƙalla sau biyu, to, alama ta tabbata. Na'urar nan sai ɗaiɗaikun asibitoci a manyan birane, da tsada kuwa. Abin da ya taimaki likitan ƙwarai a kan yaronmu shi ne wani ɗan littafi da ni da uwarsa muka cika mako biyu, ita tana rubuta na dare, ni ina rubuta na rana: ƙarfe nawa ya yi barci, minti nawa, me ya faru kafin ya faɗi. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan amfani da jan biro ba.

Magunguna da sharuɗɗansu

Maganin farko da aka ga amfaninsa sosai amfetamin ne, wanda likitoci biyu a Amurka suka gwada a 1935. Daga baya aka sami metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin. Wani masanin haɗa magunguna a ƙasar Suwizalan ya haɗa shi a 1944, ya sa masa sunan matarsa Rita. Waɗannan biyu suna zaburad da ƙwaƙwalwa, suna kore barci, amma suna da haƙora. Sukan rage cin abinci, su sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, su ɗaga jini, in an sha da yamma kuma su hana barcin dare, ciwon ya daɗa taɓarɓarewa. Wanda ya riƙa ƙara wa kansa awo kuma sai ya wayi gari ba ya iya rabuwa da su. Saboda haka suna cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, ba a ba da su sai da takardar likita. Irin wannan aka rubuta wa yaronmu. Ba zan faɗi awonsa ba, don kada wani ya ɗauka shi ma nasa ke nan. Likita ya fara masa da kaɗan, ya ce a sha da safe da tsakar rana, kada a wuce haka. Ya ce a riƙa auna jininsa da bugun zuciyarsa, a kuma auna tsawonsa da nauyinsa kowane wata shida, gama maganin yakan rage wa yaro girma in ba a lura ba. Akwai wani irinsa da aka yi shi don ya narke sannu sannu cikin yini. Wannan ba a taunawa, ba a dakawa, in an yi haka awon yini guda zai shiga jini gaba ɗaya.

Manya kuwa yawanci da modafinil ake fara musu, wanda aka fito da shi a Faransa, Amurka ta yarda da shi a 1998. Akan ba babba miligiram 200 da safe, ba a wuce 400 a yini. Ya fi waɗancan sauƙin hali, amma shi ma yana da nasa. Ciwon kai da tashin zuciya sukan zo a farkon sha, su wuce. Wanda ba a wasa da shi shi ne ƙuraje. In mai shansa ya ga ƙuraje sun feso, ko baki ya yi gyambo, ko fata tana saɓulewa, ko fuska ta kumbura, sai ya daina nan take ya nufi asibiti a ranar, gama akwai wani irin saɓulewar fata mai kisa da yakan jawo, ko da yake ba safai ba. Yara sun fi shiga wannan hatsari, shi ya sa hukumar magunguna ta Turai ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Haka kuma in hali ya sāke, mutum ya shiga firgita ko tunanin hallaka kansa, a gaya wa likita maza. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, da mai ciwon bugun zuciya, ba nasu ba ne.

Ga wata magana da na ga ya wajaba in faɗa wa 'yan'uwanmu mata da matan aure da ke karatu tare da mu, ko da yake da nauyi. Modafinil yana rage ƙarfin maganin tazarar haihuwa, na sha da wanda ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu, har zuwa wata biyu bayan an daina shansa. Ga shi kuma ana tuhumarsa da jawo wa jariri nakasa a ciki, don haka mai ciki ba ta shansa. Mace in za a rubuta mata shi, ta faɗa wa likita gaskiyar halin da take ciki, kunya ba ta da wuri a nan.

Sakin jiki kuma maganinsa dabam. Akan yi amfani da ƙaramin awo na magungunan ciwon damuwa, irin su benlafaksin da kilomifiramin, domin suna danne barcin mafarki. A kan wannan ne muka yi karatu mai tsada. Da hutun Kirsimeti ya zo, na yaron ya ƙare. Ubansa manomin citta ne, tun cutar da ta faɗa wa gonakin citta a ƙasarmu a 2023 kuwa bai gama farfaɗowa ba. Ya ce a dakata sai ya sayar da 'yan buhunan da ya samu, ai yaro ya ji sauƙi. Kwana uku da yankewa yaron ya fara zubewa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba a yini, abin da bai taɓa yi ba ko kafin a fara magani. Ko murmushi ya yi sai gwiwa ta lanƙwashe. Bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, wanda duk Kagoro ke fita, a ɗaka ya yi shi. Ashe maganin nan in an yanke shi farat ɗaya, ciwon yakan komo da ƙarfin da ya fi na da. In za a daina, likita ne ke rage shi kaɗan kaɗan. Tun daga ran nan uwarsa ke ƙirga ƙwayoyin kowace Lahadi bayan sujada, in saura na mako biyu sai a fara neman kuɗin mota.

Akwai waɗansu sababbi a ƙasashen waje. Sodiyam oksibet, wanda Amurka ta yarda da shi a 2002, ruwa ne da ake sha da dare mutum yana zaune bisa gadonsa, gama yakan kayar nan da nan. In aka haɗa shi da giya ko maganin barci yakan tsai da numfashi. Fitolisan ya fito a Turai a 2016, solriyamfetol kuma a Amurka a 2019. A 2025 kamfanin Takeda na Japan ya ba da labarin nasarar gwajin wata ƙwaya da ke yin aikin oreksin ɗin kansa, watau a mai da mai juya layi bakin aikinsa. Tsadar irin waɗannan ta fi ƙarfin manomin citta nesa, na ambace su ne don a san ana ci gaba.

Yanzu sai ƙwayoyin kawu. Da aka kai wa likita su ya duba, sai ga shi tiramadol ne mai miligiram 225. Wannan maganin ciwo ne dangin ofiyom, ba ya da wata hulɗa da kamun barci. Awon da hukumar NAFDAC ta yarda da shi 50 ne da 100, mai 225 ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. Yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, in kuwa ya haɗu da magungunan sakin jikin da na ambata, hatsarin ya ninka. Da kawun ya ci gaba da ba shi a ɓoye, tausayi ne zai kai yaron kabari. Ba shi kaɗai ba ne kuwa. Binciken da aka yi a ƙasan nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayu na shekarar ne Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk wanda ke shan maganin kamun barci, kafin ya haɗiyi wani abu, ko na mura ne, ko na gargajiya, ko burkutu a wurin biki, sai ya tambaya. Ya sayi nasa a kantin magani mai rajista, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya ajiye shi cikin akwati mai makulli inda rana ba ta bugu. In ya manta na safe har yamma ta yi, ya bar shi, kada ya haɗa biyu gobe. Mai azumi, ko na Ramadan ne ko na kwana arba'in kafin Ista, ya je wurin likita tun azumin bai kama ba su shirya lokutan sha tare.

Abin da ya ba ni haushi ƙwarai a makarantarmu na same shi. Da na ba da labarin nan a ɗakin kwana, wani abokina, wanda ba zan tona ba, ya ja ni gefe ya ce in roƙo masa ko ƙwaya huɗu wurin yaron, jarrabawa ta matso, yana so ya kwana karatu. Na ce masa huɗun nan kwana biyu ne na karatun wani yaro. Banda haka, ba wanda ya auna zuciyarsa ko jininsa. Ƙwaya tana iya buɗe ido, amma abin da aka karanta cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera shi ta adana, wanda ya kwana uku ido biyu kuwa zai shiga ɗakin jarrabawa da jan ido da kai fanko. Raba irin wannan magani ga wanda ba a rubuta wa ba laifi ne kuma a doka, aikin hukumar NDLEA ne. Ya yi fushi kwana biyu, ya huce.

Magani kaɗai ba ya isa, saura aikin malami da iyaye. Ɗan barci na minti 15 zuwa 20, in an shirya lokacinsa, yakan wartsakad da mai ciwon na awa ɗaya ko fiye. Hedimasta ya yarda yaron ya riƙa shiga ɗakin ajiyar littattafai lokacin tara, ya kwanta bisa tabarma, monita ya tashe shi in an kaɗa ƙararrawa. Na mai da shi bencin gaba kusa da taga, na sa shi aikin share allo da raba littattafai, gama motsi yana kore barcin. In ya ɓingire, sai na kusa da shi ya taɓa kafaɗarsa shiru, ba tsawa, ba dariya. Na kuma tara ajin na gaya musu in ya faɗi kada a gudu, kada a danna masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, a kāre kansa kaɗai daga dutse, a tuna yana jin duk abin da ake faɗi. Da dare ya kwanta lokaci ɗaya kullum, ya rage tuwo mai nauyi da rana, goro da shayi kuma ban da yamma.

Mu da muka tashi a makarantun mishan mun san labarin saurayin nan Aftikos cikin Ayyukan Manzanni sura 20, wanda barci ya kwashe yana zaune a taga Bulus yana wa'azi, ya faɗo daga bene na uku. Ban ce ciwon nan gare shi ba, wa'azin ne ya kai tsakar dare. Amma labarin ya nuna inda hatsarin yake: wurin da barcin ya sami mutum, nan ne abin tsoro. Likita ya hana yaronmu hawan mangwaro, da jan ruwa a rijiya shi kaɗai, da zama bakin murhu ba kowa kusa, da wanka a rafi ko a Matsirga in ba babba tare da shi. Babur kuwa, wanda shi ne burin kowane saurayi a ƙasarmu, an ce ya jira tukuna. Ko mai shan magani ba ya hawa abin hawa ya tuƙa sai likitansa ya tabbatar barcin ya lafa, in ya ji ido ya yi nauyi kuma ya tsaya gefen hanya ya runtsa.

Gwajin koyarwa ya ƙare, na komo makaranta. A watan jiya wani ɗan garinsu ya kawo mini wasiƙa daga yaron, rubutun nan nasa tsaf. Ya ce ya zo na bakwai cikin 46, nauyinsa ya ragu da kilo ɗaya, likita ya ce ya riƙa karya kumallo sosai kafin ya sha na safe, su koma bayan wata uku. Ya ce ran kasuwa akuyar maƙwabcinsu ta shiga coci ana tsakiyar koyon waƙa, ya yi dariya har da hawaye, gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa amma bai kai ƙasa ba. Kakansa kuwa, in ji shi, har yanzu kowace safiya sai ya kira shi ya laluba bayan wuyansa kafin ya bar shi ya tafi makaranta.